Emaar, DAMAC ko Sobha: Wa Za Ka Damƙa wa Kuɗin Gidanka a Dubai?

Duk wanda ya saba zuwa sari Dubai ya san yadda abin yake farawa. Ka gama zagayen kasuwannin Naif da Baniyas, ka ɗaure kaya ka kai kago, da yamma ka ce bari ka leƙa Dubai Mall ka sha iska. Sai wani matashi cikin kwat ya miƙo maka takarda mai sheƙi: dogon bene, ruwa shuɗi a gindinsa, an rubuta cewa da kashi 20 cikin ɗari kawai ka zama mai gida. Kafin ka sauka Kano lambarka tana hannun dillalai biyar, kowa yana turo maka bidiyo ta WhatsApp yana rantsuwa cewa saura guda biyu a ƙare.

Sunaye uku ne suka fi yawo a irin waɗannan saƙonni idan ana maganar fulat na alfarma: Emaar, DAMAC da Sobha. Dukansu manya ne, sun gina dubban gidaje, babu wanda za a kira ɗan damfara. Amma halinsu ba ɗaya ba ne. Yawancin abin da ake tallata maka kuwa ba a gina shi ba tukuna, zane ne a takarda. Ashe ba gida kake saye ba, alkawari kake saye. Mai sayen alkawari kuma dole ya binciki tarihin mai yin sa.

Ma'aunin da za mu yi awo da shi

Na farko, yadda kamfanin ya yi da mutane lokacin da kasuwa ta faɗi. A 2002 aka buɗe wa baƙi ƙofar mallakar gida a wasu unguwannin Dubai, aka yi ta rububi, har 2008 ta zo farashi ya zube da kusan rabi, gine-gine da yawa suka tsaya cak. Daga 2014 zuwa 2020 an sake yin wata faɗuwar, a hankali, ta kusan kashi ɗaya cikin uku. Kowa gwani ne idan kasuwa tana ci. A waɗancan shekarun ne aka ga halin kowa.

Na biyu, farashi da tsarin biya. Na uku, ingancin aiki, wato yadda gidan zai kasance bayan shekara goma, ba ranar miƙa makulli ba. Na huɗu, kuɗin kula da gini da ake biya duk shekara, wanda dillali ba ya son a daɗe a kansa. Na biyar, sauƙin fita: ran da ka buƙaci kuɗinka, kwana nawa za ka yi kafin ka sami mai saye ko ɗan haya?

Akwai abubuwan da ba su canzawa ko wane kamfani ka zaɓa. Hukumar filaye ta Dubai tana karɓar kashi 4 cikin ɗari na kuɗin gida wajen rajista. Gidan dirhami miliyan 1.5 ke nan dirhami 60,000. Tun dokar 2007, kuɗin gidan da ba a gama ba asusun amana na wannan aikin yake shiga a banki, kuma ba a sakar wa kamfani sai gwargwadon yadda gini ya tashi. Idan wani ya ba ka lambar asusun da ba na amanar aikin ba, ko da sunan babban kamfani ne a kan takardar, ka riƙe kuɗinka. Doka ta kuma ɗora wa magini alhakin gyaran ƙashin gini na shekara 10, da na wuta da famfo da makamantansu na shekara 1. Wanda ya mallaki gidan dirhami miliyan 2, wajen dala 545,000, yana iya neman bizar zama ta shekara 10.

Emaar: babban yaya

Mohamed Alabbar ne ya kafa Emaar a 1997, kuma tun 2000 hannun jarinsa yake kasuwar hannun jari ta Dubai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai saye: duk wata uku sai ya fito da lissafinsa fili, kowa ya ga bashin da ake bin sa da abin da ya sayar. Gwamnatin Dubai ma tana da babban kaso a ciki. Shi ya gina Burj Khalifa mai tsawon mita 828, wanda aka buɗe ranar 4 ga Janairu 2010, da Dubai Mall da aka buɗe a 2008, da unguwar Downtown ɗungurungum. Kafin nan ya yi Dubai Marina, Emirates Hills, Arabian Ranches da The Greens. Na baya-bayan nan su ne Dubai Hills Estate, Dubai Creek Harbour da Emaar Beachfront. A 2024 kaɗai ya sayar da gidaje na wajen dirhami biliyan 70.

Kada a ɗauka bai taɓa tuntuɓe ba. A 2006 ya sayi kamfanin gine-gine na John Laing Homes a Amurka kan sama da dala biliyan 1, a 2009 kamfanin ya karye. A gida ma, lokacin rikicin 2009 ya jingine wasu ayyuka, aka ba masu saye damar mayar da kuɗinsu kan wasu gine-ginen nasa. Hasumiyar Dubai Creek Tower da aka aza harsashinta a 2016, aka ce za ta zarce Burj Khalifa, aikinta ya tsaya a 2020. Waɗanda suka sayi fulat a Creek Harbour don su riƙa kallonta ta taga sun daɗe suna kallon fili. Otal ɗinsa na Address Downtown ya kama da wuta a daren shiga 2016. Abin da ya bambanta shi dai, a tsakiyar rikici ya ƙarasa manyan ayyukansa, kuma unguwannin da ya gina shekara ashirin da suka wuce har yau suna da tsabta da daraja. Da aka yi ruwan saman 16 ga Afrilu 2024, wanda ba a ga irinsa ba cikin shekara 75, Emaar ya sanar cewa zai gyara gidajen unguwanninsa da ruwa ya ɓata kyauta.

Farashinsa fa? Da tsada. A 2024 da 2025 fulat mai ɗakin kwana ɗaya a Downtown yana kai wa dirhami miliyan 2 ko fiye, a Dubai Hills da Creek Harbour kuwa miliyan ɗaya da rabi zuwa sama. Tsarin biyansa ma ba sassauci: yawanci kashi 80 cikin ɗari za ka biya yayin da ake gini, sauran 20 ranar karɓar makulli. Ba ya lallashin mai saye, don ya san akwai layi a bayanka.

Ingancin aikinsa mai kyau ne, amma ba za a ce na fita tsara ba. Emaar ba ya gini da hannunsa, 'yan kwangila yake ba wa, don haka wani bene ya fi wani. Ƙarfinsa yana wajen gida, ba ciki ba: tituna, lambuna, makarantu, kantuna, masallatai, masu gadi. Kuɗin kula da gini a Downtown yana da nauyi, a cikin Burj Khalifa kanta ya haura dirhami 60 kan kowace ƙafa murabba'i a shekara, alhali gama-garin benaye a Dubai suna tsakanin 12 da 25.

Inda babu mai ja da shi shi ne wajen fita. Sunan Emaar kamar gwal yake a hannun mata: ko kasuwa ta yi sanyi akwai mai taya shi, bankuna kuma ba sa jinkirin ba mai saye bashi a kansa. Ga ɗan sari, Creek Harbour tana da wani amfani: ba ta da nisa da Deira, unguwar da Naif da Baniyas suke, da filin jirgi, kuma sabon layin jirgin ƙasa na cikin gari da aka tsara buɗewa a Satumba 2029 zai bi ta nan.

DAMAC: mai ganga da kalangu

Hussain Sajwani bai fara da gini ba. Da sayar da abinci ya fara a 1982, yana ciyar da ma'aikatan kamfanoni, har ya sami kwangilar ciyar da sojojin Amurka a yaƙin Tekun Fasha na 1991. Da aka buɗe ƙofa ga baƙi a 2002, a shekarar ya kafa DAMAC Properties. Tun farko ya gane cewa baƙo mai kuɗi ido yake saye da shi. Shi ne aka sani da raba motocin alfarma ga wanda ya sayi gida. Shi ne kuma ya fi kowa manna sunan manyan kamfanonin ado da na fim a jikin gini: Versace a benensa na Nine Elms a Landan, Paramount a Business Bay, Cavalli da de Grisogono a wasu hasumiyoyin Dubai. Waɗannan biyun na ƙarshe ma sayen su ya yi, Roberto Cavalli a 2019, de Grisogono a 2022. Filin golf na Trump da aka buɗe a Fabrairu 2017 yana cikin DAMAC Hills. A Janairu 2025 an gan shi tsaye kusa da Donald Trump yana alkawarin zuba dala biliyan 20 a cibiyoyin adana bayanai a Amurka. Magoya bayan Chelsea kuma sun ga sunan DAMAC a ƙirjin rigar 'yan wasansu a ƙarshen kakar 2024/2025.

Duk wannan labari ne mai daɗi, amma ba shi ne zai biya maka haya ba. Abin da ya shafe ka ga shi. A 2008 DAMAC ya sanar da soke aikin Palm Springs a tsibirin Palm Jebel Ali shekaru bayan ya karɓi kuɗin mutane; masu saye suka yi ca, hukuma ta shiga, ya janye sokewar. Shi kansa tsibirin daga baya ya tsaya, sai 2023 aka sake farfaɗo da shi. Kamfanin ya tsira daga rikicin, abin da ɗaruruwan ƙananan kamfanoni ba su yi ba, kuma wannan abin yabo ne. Ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan a 2013, ta Dubai a 2015, sannan a 2022 Sajwani ya saye hannun sauran ya fitar da shi. Yanzu kamfanin iyali ne, ba ya ƙarƙashin idon kasuwa kamar Emaar.

Wajen farashi DAMAC ne mai faɗin zaɓi. Yana da na masu hannu da shuni a bakin titin Sheikh Zayed da bakin teku, yana kuma da na mai ƙaramin ƙarfi a DAMAC Hills 2, wadda a da ake kira Akoya Oxygen, inda ƙaramin fulat bai kai rabin kuɗin irinsa a Downtown ba. Tsarin biyansa shi ya fi jan hankali: kafin alƙalami, sannan kashi 1 cikin ɗari duk wata, sai dunƙulallen saura a ƙarshe. Yakan yi rangwame, wani lokaci ya ɗauke wa mai saye kuɗin rajista. La'adar da yake ba dillalai ma mai tsoka ce, shi ya sa bidiyonsa ya fi yawa a wayarka. Dillalin da ba ka biya ba, ka san wanda yake yi wa aiki.

Araha dai ba ta ado. DAMAC Hills 2 tana can cikin sahara ta hanyar Al Qudra, tafiyar minti 40 ko fiye zuwa tsakiyar gari, babu jirgin ƙasa. Wanda ya saya don ya riƙa sauka idan ya zo sari zai ƙarar da ribar a kuɗin tasi. Ingancin aiki kuma hawa da sauka ne: akwai benayensa masu kyau ƙwarai, akwai waɗanda masu su suke kukan cewa abin da aka miƙa musu bai kai hoton da aka nuna ba. A ganina, cikin ukun nan shi ne wanda ba za ka saya da suna kawai ba. Sai ka je ka ga ginin, ko ka ga wani da ya gama a kusa, ka shiga lifta, ka buɗe famfo, ka tambayi mai gadi. Ƙorafin jinkirin miƙa makulli ma ya fi bin sa. A nan ka karanta yarjejeniya da kyau, domin yawancin kamfanonin Dubai suna rubuta wa kansu ƙarin wa'adi na kusan wata 12 bayan ranar da aka yi maka alkawari, kuma ba ka da ta cewa a ciki.

Sunan Cavalli ko Versace a ƙofa yana ƙara kuɗi ranar saye. Ko zai ƙara ranar sayarwa? Ɗan haya mai aiki a banki ba ruwansa da zanen damisa a bango. Nisan ofis yake dubawa da kuɗin sanyaya ɗaki. Wani abin lura ga Musulmi: benayen da aka haɗa da otal, na DAMAC ne ko na Emaar, galibi akwai mashaya a ƙasa, kuma idan ka saka fulat ɗinka cikin tsarin hayar otal ba kai ne za ka zaɓi mai kwana a ciki ba. Wanda wannan ya dame shi ya tambaya tun kafin ya sa hannu.

Sobha: kafinta da ya zama magini

PNC Menon mutumin jihar Kerala ne a Indiya. A 1976 ya tafi Oman yana aikin ƙawata cikin gida, har hannunsa ya kai ga fadar Al Bustan da babban masallacin Sultan Qaboos a Maskat. A 1995 ya kafa kamfanin gine-gine a Bangalore ya sa masa sunan matarsa, Sobha, ya gina wa kamfanin kwamfuta na Infosys ofisoshi da dama. Ya shigo Dubai a 2003, amma sai 2014 ya yi babban yunƙuri da Sobha Hartland, fili mai faɗin ƙafa murabba'i miliyan 8 a Mohammed Bin Rashid City, kusa da Meydan da fadamar Ras Al Khor. Ya kuma yi unguwar District One tare da kamfanin Meydan. Daga baya aka sami Hartland II, Sobha One, SeaHaven da tsibirin Siniya a masarautar Umm Al Quwain. 'Yan Arsenal sun san sunan: tun 2024 filin atisayensu Sobha Realty Training Centre ake kiransa. A shekarar ce kuma ɗansa Ravi Menon ya karɓi shugabanci.

Abin da Sobha yake taƙama da shi, kuma gaskiya ne, shi ne komai a gida yake yi. Masu zane nasa ne, magina nasa ne, masana'antar ƙofofi da gilashi da kayan katako tasa ce. Ba ya ba ɗan kwangila ya ba wani ɗan kwangila, kowa ya yanki rabonsa daga siminti. Duk wanda ya taɓa gini a Kano ko Abuja ya san abin da wannan yake nufi. Sakamakon yana bayyana a inda ido ba ya saurin zuwa: haɗin tayil, yadda ƙofa take rufuwa, banɗakin da ba ya yoyo wa na ƙasa. Tunda ba ya jiran kowa, ya yi suna wajen miƙa makulli kan lokaci. Idan ingancin cikin ɗaki ne kaɗai ma'auni, ni Sobha zan ba na ɗaya.

Farashinsa yana kusa da na Emaar a Dubai Hills, ƙasa da Downtown, sama da yawancin na DAMAC. Tsarin biya da aka fi saninsa da shi kashi 60 yayin gini, 40 ranar makulli. Wannan ya fi na Emaar numfashi, amma 40 ɗin nan dunƙule ne. A gidan miliyan 1.5 dirhami 600,000 ke nan a rana ɗaya.

Rauninsa uku ne. Ɗakunansa, musamman masu ɗakin kwana ɗaya, sukan yi ƙanƙanta. Mai iyali irin namu ya duba faɗin da aka rubuta, kada ya tsaya a adadin ɗaki. Na biyu, Hartland ta cika da dogayen benaye masu kama da juna, babu tashar jirgin ƙasa a ciki, kuma idan aka miƙa hasumiya biyu ko uku a lokaci guda sai masu gida ɗari su fito neman ɗan haya rana ɗaya. Na uku shi ya fi damuna: girman gaggawa. Kamfanin da ya yi suna da aikin hannu yanzu yana sayar da gidaje na sama da dirhami biliyan 20 a shekara. Kula da bene biyar daban, kula da hamsin daban. Kuma rikicin 2008 bai same shi da irin wannan nauyin a Dubai ba, don haka ba a gwada shi yadda aka gwada sauran biyun ba. Shi ma kamfanin iyali ne, ko da yake tun 2023 yana karɓar bashi ta sukuk, wato takardun bashi na tsarin Musulunci, abin da ke sa ya buɗe wa masu ba da bashi littafinsa.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Emaar | DAMAC | Sobha |
|---|---|---|---|
| Kafuwa | 1997 | 2002 | Oman 1976, Dubai 2003 |
| Mallaka | Kasuwar hannun jari, da kason gwamnati | Na iyali tun 2022 | Na iyali |
| Farashi | Mafi tsada | Daga araha zuwa tsada | Tsaka-tsaki zuwa tsada |
| Tsarin biya da aka saba | 80/20 | Kashi 1 duk wata, saura a ƙarshe | 60/40 |
| Cikin ɗaki | Mai kyau | Ya danganta da ginin | Mafi kyau |
| Unguwa | Mafi kyau | Wasu da nisa | Mai kyau, da cunkoson benaye |
| Cika wa'adi | Galibi | A sa ran jinkiri | Galibi |
| Sayarwa daga baya | Da sauri | Ya danganta da wuri | Matsakaici |
| Babban haɗari | Saye da tsada a ƙolin kasuwa | Jinkiri da nisa | Yawan irinsa a kasuwa |

Haɗarin da ba ya cikin jadawali

Dillali zai ce maka kashi 1 ne kawai duk wata. Bari mu yi lissafi. Dirhami a ɗaure yake da dala tun 1997, dala ɗaya dirhami 3.67. Gidan dirhami miliyan 1, kashi 1 shi ne dirhami 10,000, wajen dala 2,720. A farkon 2023, da farashin gwamnati na naira 460, wannan naira miliyan 1.25 ne. Bayan an saki naira a Yuni 2023, zuwa Fabrairu 2024 dala ta haura 1,500. Biyan wata ɗaya ya koma sama da naira miliyan 4. Gidan bai ƙara ko bulo ɗaya ba, bashin ya ninka uku. Ɗan'uwa na Maraɗi ko Damagaram mai sefa ya fi samun sauƙi a nan, tunda sefa a ɗaure take da yuro, amma shi ma yuro yana hawa da sauka a gaban dala.

Idan ka kasa biya fa? Dokar Dubai ta ba kamfani dama, bayan gargaɗin kwana 30 ta hannun hukumar filaye, ya soke cinikin ya riƙe har kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gidan idan gini bai kai kashi 60 ba, ko har kashi 40 idan ya wuce haka. Lura: na kuɗin gidan gaba ɗaya, ba na abin da ka biya ba. A gidan miliyan 1.5, dirhami 375,000 ko 600,000 ke nan. Ka ce to sai in sayar kafin nan? Yawancin kamfanoni ba sa ba da takardar izinin sayarwa sai ka biya kashi 30 zuwa 40. Wannan dokar ba ta san Emaar ko Sobha ba, kowa tana yi masa aiki. Shi ya sa nake ganin tsarin biya mafi sauƙin shiga shi ne mafi haɗari ga mai samun kuɗi da naira: yana shigar da wanda bai shirya ba.

Ribar haya ma a rage mata gishiri. A ce fulat na miliyan 1.5 mai faɗin ƙafa 750 yana kawo hayar dirhami 100,000 a shekara. Dillali zai ce kusan kashi 7. Cire kuɗin kula da gini, a ce dirhami 20 kan kowace ƙafa, 15,000 ke nan. Cire ladan kamfanin da zai kula maka da shi tunda kana Najeriya, da gyare-gyare, da watan da ya zauna babu kowa. Ka dawo wajen kashi 5. Ba laifi, tunda da dala ne, kuma babu harajin gida na shekara-shekara. Amma ba abin da aka rubuta a takarda mai sheƙi ba ne. Farashi kuma ya yi ta hawa tun 2021, har a Mayu 2025 kamfanin auna bashi na Fitch ya yi gargaɗin cewa yana iya sauka da kusan kashi 15 saboda yawan gidajen da ke tafe.

Sai maganar shiga ƙasar. Daga ƙarshen 2022 har zuwa Yuli 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, jiragen Emirates ma ba su dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba 2024. Takardar mallakar gida ba biza ba ce. Wajen kuɗi kuma yanzu ana tambayar asali: cinikin gida da tsabar kuɗi daga dirhami 55,000 zuwa sama dole dillali ya kai rahoto. Ɗan kasuwa mai takardun kasuwancinsa ba shi da fargaba. Mai riƙe da muƙamin gwamnati kuwa ya tuna da fom ɗin bayyana kadara, ya kuma tuna cewa a Mayu 2024 'yan jarida na duniya sun fallasa sunayen masu gidaje a Dubai, har da na 'yan Najeriya.

Ta fuskar addini, biyan kamfani kashi-kashi ba a rubuta masa ruwa ba, kuma sayen abin da za a ƙera maka malaman fiƙihu sun san shi da sunan istisna'i. Inda ake bukatar fatawa shi ne tarar jinkirin biya, da kuma bashin banki idan ka zo cike gibin ƙarshe. Akwai bankunan Musulunci irin Dubai Islamic Bank masu tsarin ijara (haya har ka mallaka) da murabaha (banki ya saya ya sayar maka da riba), sai dai wanda ba mazaunin ƙasar ba ba kasafai ake ba shi fiye da rabi zuwa kashi 60 na kuɗin gida ba.

Wa ya dace da wa

Alhajin da yake son ya ajiye dukiya inda naira ba za ta cinye ta ba, kuma yana so ran da ya nemi kuɗinsa ya samu, ya nufi Emaar. Idan da hali ma ya sayi wanda aka riga aka gama a Dubai Hills ko Creek Harbour, ya biya la'adar kashi 2 ga dillali, ya karɓi makulli da takardar mallaka, haya ta fara shigowa. Ya bar cikin Burj Khalifa ga masu son a ce.

Hajiyar da za ta zauna da kanta, ko ta ajiye 'ya'ya masu karatu, wadda za ta riƙa taɓa ƙofar nan da famfon nan kullum, Sobha ya fi dacewa da ita. Akwai makarantu biyu na ƙasa da ƙasa a cikin Hartland. Ta ɗauki mai ɗaki biyu ko uku, ta auna faɗinsa, ta kuma tanadi mota.

Mai son bizar shekara 10 ya tabbata kuɗin da ke kan takardar mallaka ya kai miliyan 2. Kowane cikin ukun zai yi, amma kada biza ta sa ya sayi abin da ba zai iya sayarwa ba.

Mai jari matsakaici da yake neman haya mai kauri gwargwadon abin da ya zuba, kuma yana da haƙurin jira, DAMAC yana da abin da zai ba shi, da sharaɗi biyu: ya zaɓi ginin da aka gama ko ya kusa, ya kuma aika wanda ya yarda da shi, ba dillalin da zai ci la'ada ba, ya je ya gani da ido. Manhajar Dubai REST ta hukumar filaye tana nuna kashi nawa aka kammala a kowane aiki da lambar asusun amanarsa.

Wanda kuwa duk samunsa da naira ne, kuma bai riƙe aƙalla rabin kuɗin gidan da dala a hannu ba, kada ya sa hannu a tsarin biyan shekara uku ko huɗu da kowane ɗaya daga cikinsu. Ya ci gaba da tara dalarsa, ya dawo ya sayi gamamme.